CIWON BAYA: YAUSHE YA KAMATA A YARDA DA AIKIN HAƊE ƘASHI?



A wannan fitowa za mu yi magana a kan ciwon baya. Da wuya a sami manomin da ya kai shekara 40 yana riƙe da fartanya bai taɓa dafe ƙugu ya ce wash ba. Haka kuma iyayenmu mata, masu daka da ɗibar ruwa da ɗaukar itace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne suke fama da ciwon ƙasan baya a duniya. Ashe ba mu kaɗai ba ne.

A zamanin yanzu akan sami wani ya je babban asibiti a Sakkwato ko Kano, ya dawo da takarda, ya ce an gaya masa sai an yi aiki an sa ƙarfe a bayansa. Nan da nan gida ya rabu biyu. Waɗansu su ce a sayar da shanun noma a yi aikin gobe. Waɗansu su ce ai duk wanda aka taɓa bayansa ba ya ƙara tafiya. Dukansu sun yi gaggawa. Abin da muke so kowa ya riƙe shi ne wannan: aikin haɗe ƙashi magani ne na ƙashin da ya karye, ko cuta ta cinye shi, ko ya goce daga wurinsa, har ya kāsa tsare abin da ke cikinsa. Zafin ciwo kaɗai, kome tsananinsa, bai isa dalilin yin wannan aiki ba. Bari mu duba dalili.

YADDA ALLAH YA GINA BAYAN MUTUM

Ƙashin baya ba sanda ɗaya ba ne. Gaɓoɓi ne a jere, kamar gaɓoɓin rake. Akwai 7 a wuya, 12 a wurin da haƙarƙari suke, 5 a ƙasan baya. Waɗannan 24 su ne masu motsi. Sauran na can ƙasa sun manne da juna. Tsakanin gaɓa da gaɓa akwai ɗan guringuntsi mai taushi. A cikin wannan magana za mu kira shi gammo, gama aikinsa ɗaya da gammon da mace take sawa a kai kafin ta ɗora tulu.

Ta tsakiyar gaɓoɓin akwai rami, a cikinsa laka take bi tun daga ƙwaƙwalwa. Daga laka jijiyoyi suke fita zuwa hannuwa, da ƙafafu, da mafitsara, da hanji. Lakar tana ƙarewa a wajen farkon ƙasan baya, daga nan sai jijiyoyi su sauka tare kamar wutsiyar doki. Saboda haka ƙashin baya yana da aiki biyu. Yana ɗaukar nauyin jiki, yana kuma tsaron laka. A kewaye da shi akwai nama mai ƙarfi wanda yake riƙe da shi kamar igiyoyin da suke riƙe da rumfa. Yawancin ciwon bayan da muke ji daga wannan nama ne, da gammo, da mahaɗin gaɓoɓi.

MENE NE AIKIN HAƊE ƘASHI?

Duk wanda ya taɓa yi wa mangwaro aure zai gane shi da sauri. Kana yanko reshe, ka haɗa shi da wani itace, ka ɗaure da leda, ka jira har su kama su zama ɗaya. Haka likita yake yi. Yana ɗauko ɓarɓashin ƙashi, sau da yawa daga ƙugun mutumin, ya jera shi tsakanin gaɓa biyu ko fiye. Sa'an nan ya ɗaure gaɓoɓin da kusoshi da sandunan ƙarfe domin kada su motsa. Ƙarfen shi ne ledar ɗauri. Ainihin aikin jiki ne yake yinsa a hankali, cikin wata 6 zuwa shekara ɗaya, har gaɓoɓin su zama ƙashi guda.

A lura da abu biyu. Na ɗaya, wurin da aka haɗe ba zai ƙara lanƙwasawa ba har abada. Ba a warware wannan aure. Na biyu, ba kowane aikin baya ne haɗe ƙashi ba. Akwai aikin da ake cire ɗan guntun gammon da ya danne jijiya. Akwai wanda ake fafe ƙashi kaɗan a buɗe wa jijiyoyi hanya. Waɗannan sun fi sauƙi, sau da yawa kuma ba a sa ƙarfe. Idan an ce maka "aiki", ka tambaya wanne ne.

CIWON DA BA YA BUKATAR WUƘA

Cikin mutum 10 masu ciwon ƙasan baya, wajen 9 ba a samun wata mummunar cuta a jikinsu. Nama ne ya gaji, ko an ɗaga kaya ba daidai ba, ko gammo ya fara tsufa. Irin wannan ciwo yakan yi sauƙi cikin mako 6, ko da yake yakan dawo lokacin huɗa ko girbi. Har wanda zafin yake sauka ta cinya zuwa ƙafa kamar wuta, saboda gammo ya danne jijiya, yawanci yakan lafa cikin wata 2 ko 3 ba tare da aiki ba.

To, wanda ya yi shekaru yana fama fa? Likitoci sun gwada. A ƙasar Ingila an ɗauki mutum 349 da suka daɗe da ciwon baya, aka raba su kashi biyu. Aka shirya wa kashi ɗaya aikin haɗe ƙashi, ɗaya kashin aka koya musu motsa jiki sosai, da yadda za su yi harkokinsu ba tare da tsoron ciwon ba. An buga sakamakon a 2005. Bayan shekara 2 duka ɓangarorin sun sami sauƙi, bambancin da ke tsakaninsu kaɗan ne, masu aikin kuwa su ne suka sha wahalar tiyata. Gaskiya ne wani gwaji da aka yi a ƙasar Suwidin a 2001 ya nuna aikin ya fi jiyyar da aka saba yi. Amma da aka auna dukan gwaje-gwajen, hukumar da take tsara ƙa'idojin jiyya a Ingila ta yanke a 2016 cewa kada a yi wa mutum wannan aiki saboda ciwon baya kawai, sai dai cikin bincike. Idan ƙasar da take da likitoci da kayan aiki ta ja da baya haka, mu ma sai mu yi hattara.

Maganin irin wannan ciwo ba shi da tsada. Kada a kwanta kwana da kwanaki, gama kwanciya tana ƙara sanƙarar da baya. A riƙa tafiya, a rage aiki mai nauyi na ɗan lokaci, a gasa wurin da tsumma da ruwan ɗumi. A manyan asibitoci akwai sashen gashi inda ake koyar da motsin da yake ƙarfafa naman baya da na ciki. Ku nemi a koya muku, ku zo ku koya wa waɗansu.

Amma ku yi hankali da ƙwayoyin da ake sayarwa a faranti ranar kasuwa. Masu kashe zafi, idan an daɗe ana sha, suna jawo gyambon ciki, suna lalata ƙoda. Waɗansu haɗe-haɗen suna ɗauke da maganin da yake kumbura fuska yana kuma rage ƙarfin ƙashi. Tiramol kuwa ta kama samarinmu da yawa: tana ɓoye gajiya, mutum ya yi ta aikin da ya fi ƙarfinsa, daga baya ya kāsa rabuwa da ita.

MAGANAR HOTO

Akwai hoton ƙashi da muka saba da shi, akwai kuma babban hoto da ake kira MRI, wanda yake nuna gammo da laka. Hoto yana da amfani ƙwarai, amma yakan tsorata mutum a banza. A 1994 likitoci a Amurka suka ɗauki hoton MRI na mutum 98 waɗanda ba sa jin ciwon baya ko kaɗan. Fiye da rabinsu an ga gammo ya ɗan bulluƙo. Kashi 36 cikin 100 ne kaɗai aka ga bayansu ba wani abu. Watau tsufan gammo kamar furfura yake. Ana ganinsa a jikin mai ciwo, ana ganinsa a jikin mai lafiya.

Likitan kirki yana sauraron labarinka, ya duba ƙarfin ƙafafunka, ya gwada jijiyoyinka, sa'an nan ya ga ko abin da ke cikin hoton ya yi daidai da abin da ya gani a jikinka. Idan an kalli hoto kawai, ba a ko sa ka tashi ka yi tafiya ba, aka ce sai aiki, to, ka nemi ganin wani likita.

INDA AIKIN YAKE CETON MUTUM

Kada abin da muka faɗa ya sa wani ya ƙi aikin da ya wajaba. Akwai inda ƙarfe a baya shi ne bambanci tsakanin tafiya da kwanciya har mutuwa.

1. Karaya. Wanda ya faɗo daga kan ɗorawa ko kuka, wanda babur ya kayar, wanda ramin haƙar zinariya ya rufta da shi, ko wanda harsashi ya sama. Ba kowace karaya ce ake yi wa aiki ba. Wata, ɗamarar baya da hutu sun isa. Amma idan gaɓar ta ragargaje tana motsi, ko tana danne laka, sai an ɗaure ta.

2. Cutar da take cin ƙashi. Babba a cikinsu a ƙasarmu ita ce tarin fuka. Za mu yi bayaninta a ƙasa.

3. Gocewar gaɓa. Wata gaɓa takan zame gaba a kan ta ƙasanta, ta matse jijiyoyi, mutum ya kāsa tafiya mai nisa ko tsayuwa. Idan an yi watanni ana jiyya ba sauƙi, hoto kuma ya nuna gaɓar tana motsi, aiki yana taimako. A nan ma ba kullum ake bukatar ƙarfe ba. A 2016 an buga wani gwaji na ƙasar Suwidin a kan mutum 247 waɗanda ramin jijiyoyinsu ya ƙuntata saboda shekaru. Waɗanda aka buɗe wa hanya kawai sun sami sauƙi daidai da waɗanda aka ƙara wa haɗe ƙashi.

4. Karkacewar baya mai tsanani ga yaro ko yarinya masu tasowa, idan tana ƙaruwa.

5. Ciwon daji da ya bazu ya kama ƙashin baya.

TARIN FUKA NA ƘASHIN BAYA

Mutane da yawa suna tsammani tarin fuka a huhu kaɗai yake zama. Ƙwayar cutar takan bi jini ta sauka a ƙashin baya, ta yi ta cin gaɓa a hankali, tana tara mugunya. Mutum zai yi watanni da ciwon baya wanda ba ya barinsa ko da dare, yana ramewa, yana zufa cikin barci, yana zazzaɓi da yamma. Wani ba ya ko tari. In an bar shi, gaɓar ta rushe, doro ya fito, ƙafafu su fara nauyi har su shanye. Wani likitan Ingila mai suna Percivall Pott ya bayyana wannan cuta tun 1779.

Saboda ita aka ƙago aikin haɗe ƙashi. A 1911 likitoci biyu a birnin New York na Amurka, Fred Albee da Russell Hibbs, kowa da tasa dabara, suka fara haɗe gaɓoɓin masu wannan cuta, domin a lokacin babu maganin sha. Da magungunan tarin fuka suka samu a shekarun 1940 da 1950, sai tambaya ta taso: har yanzu sai an yi aiki? Daga shekarun 1960 Hukumar Binciken Lafiya ta Ingila ta gwada a Koriya, da Hong Kong, da Bulawayo a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe, da Madras a Indiya. Cikin marasa lafiyar da suke iya tafiya da ƙafafunsu, fiye da 8 cikin 10 sun warke da magani kaɗai. Aikin da ake yi a Hong Kong ya sa ƙashi ya haɗe da wuri, doro kuma bai yi girma ba, amma maganin ne yake kashe cutar.

Wannan labari ne mai daɗi ga talaka. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati da aka keɓe domin haka. Na ƙashin baya ya fi na huhu daɗewa, a ƙasarmu yawanci wata 12 ne. Sharaɗin shi ne a sha kowace rana har ƙarshe, ko da an ji sauƙi a wata na biyu. Aiki yana shigowa ne idan ƙafafu suna ƙara mutuwa duk da magani, ko gaɓoɓi da yawa sun rushe, ko doron yana ƙaruwa, musamman ga yara. Wanda aka yi wa aiki ma dole ya gama maganinsa.

Masu shanu su lura: akwai irin tarin fukan da ake ɗauka daga madarar saniya, akwai kuma cutar da take sa shanu ɓari, ita ma tana kama bayan mutum. A tafasa madara kafin a sha.

Har wa yau, doro ba sammu ba ne, ba kuma alhakin iyaye ba ne. Luka ya ba mu labarin matar da ta yi shekara 18 a tanƙware, Ubangiji ya kira ta a tsakiyar jama'a ya miƙar da ita. Kada mu ɓoye irin waɗannan a ɗaki. Mu yi musu addu'a, mu kuma kai su asibiti.

ALAMUN DA BA A KWANA DA SU

Idan mai ciwon baya ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, a tafi asibiti a ranar:

Fitsari ya tsaya, ko yana zuba ba da saninsa ba, ko ya kāsa riƙe bayan gida.

Tsakanin cinyoyi da wurin zama sun mutu, ba ya jin taɓawa.

Ƙafa tana ƙara rauni, tana ja a ƙasa, takalmi yana fita bai sani ba.

Ciwon ya fara ne bayan faɗuwa ko hatsari.

Irin waɗannan, kwana ɗaya ko biyu na jinkiri yakan sa jijiya ta mutu ba dawowa. Akwai kuma alamun da ba za a bari su wuce mako ba: rama, zufar dare, zazzaɓi, ƙullutu a tsakiyar baya, ciwon da kwanciya ba ta rage shi, ciwon baya ga ƙaramin yaro, ga dattijo mai wahalar fitsari, ko ga macen da take da ƙullutu a nono.

Ku gaya wa likita irin aikin da kuke yi. Ba mu manta da shekarar 2010 ba, sa'ad da gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Bagega, Dareta da Abare a ƙasar Anka, da 'Yargalma a ƙasar Bukkuyum. Ga babba, dalma tana kawo ciwon ciki, ciwon gaɓoɓi da raunin hannu. Mai aikin fadama kuma, tsargiya takan taɓa laka wani lokaci. Wuƙa ba ta maganin ko ɗaya daga cikinsu.

YADDA AKE ƊAUKAR WANDA YA FAƊI

Mutane da yawa ba faɗuwar ce ta shanye musu ƙafafu ba, ɗaukar da aka yi musu ce. Kada a zaunar da shi. Kada a kama hannuwa da ƙafafu a ɗaga shi yana lilo. Kada a ɗora shi a babur tsakanin mutum biyu. A ciro ƙyaure ko katako mai faɗi. Mutum ɗaya ya riƙe kai da wuya, uku su juya jikin gaba ɗaya kamar gungume, a kwantar da shi a miƙe, a tokare kan da tsummoki, a ɗaure shi da zane. Masu ɗori suna da gwanintarsu a hannu da ƙafa, amma ƙashin baya akwai laka a ciki. Ja da murɗawa suna iya tsinke ta.

A fara da babban asibiti mafi kusa, na Anka ko na Gummi, a karɓi takardar turawa zuwa Gusau. Masu aikin ƙashin baya suna Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano wanda aka buɗe tun 1959, da asibitin koyarwa na Shika a Zariya.

NAUYIN AIKIN

Babban aiki ne na sa'o'i da yawa. Ana iya bukatar ƙarin jini. Wurin yana iya yin ruwa. Jijiya tana iya samun rauni, ko da yake ba kasafai ba a hannun gwani. Wani lokaci auren ba ya kamawa, kusa ta saki ko ta karye, sai an sake buɗewa. Gaɓoɓin da suke sama da ƙasan wurin suna ɗaukar ƙarin wahala, bayan shekaru su ma su fara ciwo. Akwai kuma wanda ƙashinsa ya haɗe sarai amma zafin yana nan. Taba, ko ta sha ko ta shaƙa ko ta tauna, tana hana ƙashi haɗewa. Haka ciwon sukari da ba a kula da shi ba, da rashin abinci mai gina jiki.

Kuɗin yana kai miliyoyin naira. Ban da wannan akwai kuɗin mota, da abincin mai jiyya, da komawa ganin likita sau da yawa a kan hanyoyin da kowa ya san halin tsaronsu. Mutum zai yi watanni ba ya ɗaga buhu, ba ya sunkuyo da fartanya. A lissafta cewa aikin damina ɗaya ya tafi.

TAMBAYOYI BAKWAI GA LIKITA

Tambaya ba raini ba ce. Ka tafi da wani ɗan'uwa mai iya rubutu, ku gaisa da likita da ladabi, ku ce, "Ranka ya daɗe, muna da tambaya."

1. Mene ne sunan cutar, kuma wace gaɓa ce?
2. An bincika tarin fuka?
3. Aikin domin ya ceci ƙafafu ne, ko domin ya rage zafi?
4. In mun jira wata 3 muna magani da gashi, me zai faru?
5. Akwai ƙaramin aiki wanda ba sai an sa ƙarfe ba?
6. Bayan aikin, yaushe zan koma gona, kuma wane aiki ne ba zan ƙara yi ba?
7. Nawa ne duka, har da ƙarfe, da jini, da magani, da kwanan asibiti?

Amsar tambaya ta 3 da ta 4 su ne za su nuna hanya. Idan likita ya ce laka tana cikin hatsari, jira zai shanye ƙafafu, kada a ɓata lokaci. Idan ya ce domin zafi ne, ba gaggawa, to, akwai lokacin ganin likita na biyu a wani asibiti da hotunan nan dai. In dukansu sun ce a yi, sai a shirya shi bayan kaka, a sami rani domin jiyya. A kuma yi hankali da dillalan da suke kai mutane asibitocin kuɗi, a gida ko a waje, domin su sami la'ada.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA IYA YI

Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Muna ba kowace ƙungiya shawara ta tattauna waɗannan a taronta na gaba.

A ware wani abu daga amfanin gonar ƙungiya a yi asusun lafiya. Ko bai isa aiki ba, zai isa kuɗin mota da hoto, waɗanda su ne suke hana mutane zuwa da wuri. A tura wakili ya tambayi hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Zamfara yadda ake shiga, da abin da take biya da wanda ba ta biya.

A yi alkawari cewa ba wanda zai sayar da gona ko shanun noma saboda aikin baya sai ya zauna da dattawan ƙungiya, an ji abin da likita ya faɗa. Gonar da aka sayar ba ta dawowa, iyali kuma da ita suke ci. In aikin ya wajaba, a yi wa mutumin gayya, a nome masa, a girbe masa, kada ya tashi daga gadon jiyya ya koma gona kafin ƙashi ya kama. Wanda yake shan maganin tarin fuka a ba shi wani ɗan'uwa da zai riƙa tuna masa kowace safiya.

A kuma rage wa baya wahala tun kafin ya lalace. Buhun taki kilo 50 ne, buhun gero ya kusa ninka haka. Mutum biyu su ɗauka, ko a raba shi. In za ka ɗaga kaya, ka matso kusa, ka durƙusa da gwiwa, ka tashi da ƙarfin cinya, kada ka murɗa ƙugu da kaya a hannu. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce, ba kayan yarinya 'yar shekara 10 ba. Amalanke da baro da garmar shanu na ƙungiya, a ba mata da tsofaffi su ma su mora. Lokacin noma a riƙa miƙewa ana shan ruwa, kada a yi sa'o'i a sunkuye. Duk abin da muka koya a nan mu gaya wa maƙwabtanmu Musulmi da Fulanin da muke zaune tare, gama ciwo bai san addini ko ƙabila ba.

Allah ne mai warkarwa, shi ne kuma ya ba likita sani, ya ba mu hankalin yin tambaya. Mai ciwon gajiya ya motsa jiki ya yi haƙuri. Mai rama da zufar dare ya je a gwada shi. Wanda fitsarinsa ya tsaya ko ƙafarsa ta mutu a ɗauke shi yau.

Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi su karanta wannan a gaban jama'a bayan sujada, domin waɗanda ba su iya karatu ba su ji. Ubangiji ya ba ƙasarmu salama, ya tsare masu tafiya a hanya, ya sa wa aikin hannuwanku albarka. Amin.